Lissafin Om: Abin da Ke Ƙona Amfilifaya Daga Jita Zuwa Lasifikar Masallaci

Iyayenmu dattawa, malamanmu, 'yan kwamitin masallatai na Ojota da Ketu da Mile 12, waɗanda suka taso tun daga Zangon Agege da Idi-Araba, iyayen gida masu gyaran rediyo da yaransu, da masu ba da hayar kayan sauti, sannunku da zuwa.

Maganata ta yau a kan wata 'yar lamba ce da ake rubutawa a bayan kowace lasifika da bayan kowace amfilifaya. Wani lokaci 4 ce, wani lokaci 8, wani lokaci 16, a gefenta kuma akwai harafin Girkanci da ake karantawa om. Mutum zai je kasuwar Alaba ya yi ciniki har ya gaji, ya tambayi wat nawa, ya tambayi ƙasar da aka ƙera, ya sa a kunna masa ya ji ƙara, amma da wuya ya juya akwatin ya karanta wannan lamba. A ganina, da yawa daga kayan da muke ɗora wa NEPA ko janareto laifin ƙonewarsu, wannan lamba ce ta ƙona su. Kuma kuɗin da ke ƙonewa ba na banza ba ne. Na masallaci taro da sisi ne da aka tara bayan sallar Juma'a, na mai haya kuma jarinsa ne gaba ɗaya.

Zan shiga ta kan amfilifayar jita mai bawul, wato mai kwalabe da ke yin ja idan ta ɗau zafi. Wani zai ce me ya haɗa mu da jita? Abu biyu. Na farko, babu na'urar da ke nuna wannan matsala a fili kamarta, domin ita ba ta yafe kuskure. Na biyu, Legas garin jita ne. Daga nan zuwa Agidingbi, inda gidan kiɗa na New Afrika Shrine yake tun shekarar 2000, ba wata tafiya ba ce. Makaɗan juju irin su King Sunny Ade a kan jita suka gina kiɗansu. Coci-coci cike suke da makaɗa, kuma kayan tokunbo, wato na gwanjo daga ƙasashen waje, ba su daina sauka ba. Ta arewa ma haka: jitar Agadas ta zagaya duniya a hannun Bombino da Mdou Moctar, kuma shi Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008. Mai gyaran da ke zaune a Ojota, ko ba daɗe ko ba jima, wata rana za a dire masa irin wannan amfilifaya a kan tebur. Idan ya taɓa ta da ilimin taransista kaɗai, zai ƙona kayan mutane kafin ya gama binciken abin da ke damunta.

To, mene ne om ɗin? Sunan wani malamin lissafi ne Bajamushe, Georg Ohm, wanda a 1827 ya wallafa dokar da ke haɗa abu uku: ƙarfin turin wuta, wanda muke aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudu a waya, wanda muke aunawa da amfiya, da turjiyar da abu ke yi wa wutar, wadda aka sa wa sunansa. Dokar ba ta da wuya. Raba bolt da om, ka sami amfiya. Idan turjiya ta ragu rabi, wutar da za ta gudu ta ninka. Ku riƙe wannan jimla, domin rabin laccar nan a kanta yake: ƙaramin om nauyi ne babba. Lasifika mai om 4 ta fi mai om 16 jan wuta sau huɗu. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a juye, suna zaton babbar lamba ce mai nauyi.

Ita lasifika, irin wadda muke amfani da ita yau, Chester Rice da Edward Kellogg ne suka bayyana tsarinta a 1925 a kamfanin General Electric na Amurka, kuma har yanzu ba ta canza a asali ba. Siririyar waya ce aka naɗe, wadda masu gyara ke kira koyil, tana zaune a cikin ratar maganaɗisu, an manna ta da takarda mai faɗi. Wuta ta bi koyil, koyil ya motsa gaba da baya, takarda ta tura iska, kunne ya ji. Amma tunda wutar sauti kai-komo take yi, turjiyar koyil ba tsayayya ba ce. Tana canzawa da irin sautin. A wajen sauti mai kauri, inda takardar ta fi son karkarwa da kanta, lasifika mai om 8 tana iya haurawa om 40 ko fiye. A tsakiya takan sauko kusa da lambar da aka rubuta. A sauti mai siriri kuma ta sake hawa. Don haka lambar bayan akwati suna ce ta aji, kamar a ce wannan 'yar ajin takwas ce.

Wannan ne ya sa yaro zai ɗora mita a kan lasifika mai om 8, ya ga 6 ko 6.5, ya ce an cuci maigida. Ba a cuce shi ba. Mita da batiri take awo, turjiyar wayar kawai take gani, kuma kullum tana nuna ƙasa da lambar ajin. Idan ka ga kusan 3, ta om 4 ce. Idan ka ga tsakanin 5.5 da 7, ta om 8 ce. Idan ka ga tsakanin 11 da 14, ta om 16 ce. Idan mita ba ta motsa ba sam, koyil ya tsinke ko waya ta cire. Idan ta nuna kusan sifili, wayoyi sun haɗe.

Yanzu mu shiga cikin mai kwalba, kuma a nan zan daɗe.

Bawul ya girmi taransista nesa ba kusa ba. Lee de Forest ya fito da nasa a 1906, taransista kuma sai 1947 aka ƙirƙiro ta a Bell Labs. Halinsu ya bambanta tun daga tushe. Manyan bawul na amfilifayar jita, irin su EL34 da 6L6, suna aiki da bolt 400 zuwa 500, amma wutar da ke bi ta cikinsu kaɗan ce, ba ta kai rabin amfiya ba. Lasifika kuwa akasin haka take so: bolt kaɗan, amfiya da yawa. Ba za ka haɗa su kai tsaye ba. Shi ya sa ake sa taransifoma ta fita a tsakaninsu, wannan ƙarfe mai nauyi da ke sa ka ji kamar dutse ka ɗauka.

Direbobin da ke sauke tumatir da albasa a Mile 12 za su riga kowa fahimta, domin aikin giya take yi. Injin mota gudu gare shi, taya kuma ƙarfi take nema, giya ce ke daidaita su. Ka sa babbar giya a kan hawa da cikakken lodi, inji ya yi ta nishi yana zafi. Ka sa ƙaramar giya a shimfiɗaɗɗen titi, inji ya yi ta ihu ba tafiya. Mafi muni, ka bar mota ba giya ka danne totur har ƙasa. Babu lodi ko kaɗan, amma a nan ne inji ke tarwatsewa.

Ga lissafin. Bawul EL34 guda biyu suna son su ga turjiya ta kusan om 3,400. Lasifika om 8 ce. Raba 3,400 da 8, ka sami 425. Taransifoma tana canza turjiya gwargwadon adadin naɗinta idan aka ninka shi da kansa, don haka idan naɗin gefen bawul ya fi na gefen lasifika kusan sau 20 da rabi, lissafi ya fita. Abin lura shi ne taransifoma ba ta da om nata na kanta. Abin da ka rataya mata a baya, shi take ninkawa sau 425 ta nuna wa bawul. Ka sa akwati mai om 8 a kafar om 8, bawul ya ga 3,400, ya yi aikinsa cikin natsuwa. Ka sa mai om 4 a wannan kafa, ya ga 1,700. Ka sa mai om 16, ya ga 6,800. Kafofin nan na 4 da 8 da 16 da ke bayan amfilifaya, ko maɓallin da ake murɗawa, wurare ne daban-daban da aka fitar da waya daga naɗin, domin kowane akwati ya sami giyarsa.

Idan akwatin ya yi ƙasa da kafar, bawul yana jan wuta fiye da ƙima. Yana zafi, yana saurin tsufa, ƙarfin sauti yana raguwa, taransifoma ma tana ɗumi. Wannan lahani ne, amma a hankali yake ci. Idan akwatin ya yi sama da kafar, matsalar ta koma ta bolt. Wutar da ke lilo a kan bawul tana yin sama fiye da yadda aka tsara, wata ragar da ke cikin bawul ɗin tana shan wahala, kuma idan mai jita ya buɗe murya har ƙarshe, haɗarin tartsatsi yana ƙaruwa.

Ƙarshen wannan hanya shi ne a kunna amfilifaya a kaɗa jita babu lasifika sam. Taransifoma naɗin waya ne a kan ƙarfe, tana tara ƙarfi a maganaɗisunta, kuma dole wannan ƙarfi ya sami inda zai tafi. Idan lasifika na nan, ita ke shanye shi ya zama sauti. Idan babu, sai ya dawo baya a matsayin bolt mai tsananin yawa, wanda ke iya wuce dubu. Sai ya tsallaka tsakanin ƙafafun soket ɗin bawul ya bar baƙin layi na gawayi, ko ya huda rufin wayar cikin taransifomar kanta. Soket ana canzawa da kuɗi kaɗan. Taransifomar fita idan ta hudu a ciki, sai dai a nemo wata ko a sake naɗi, kuma naɗinta ba irin na fanka ko na taransifomar wuta ba ne. Ana shirya shi hawa-hawa, gefen bawul da gefen lasifika a sarƙe, domin sauti mai siriri ya wuce. Mai naɗin da bai san haka ba zai ba ka abin da ke aiki, amma muryar ta tafi.

Abin da ke sa wannan ya zama tarko shi ne ba sai mutum ya yi niyya ba. Jak ya zame daga bayan akwati ana tsakiyar wasa. Dalma ta saki a cikin filogi. Ko a ɗauki wayar jita a haɗa amfilifaya da akwati da ita, tunda bakinsu iri ɗaya ne. Wayar jita an yi ta ne don wuta 'yar mitsitsiya, zaren cikinta siriri ne. Ka tura mata amfiya uku ko huɗu, ta yi zafi, ta narke, ko ta tsinke ko ta haɗe. Idan ta tsinke, amfilifaya ta koma ba lodi alhali mai jita na kan kaɗawa. Don Allah masu haya, ku ɗaura wa wayar lasifika jan ƙyalle ko jan tef, kada ta taɓa cakuɗuwa da ta jita a buhu ɗaya.

Masu ƙera kayan sun san wannan tun tuni. Leo Fender ya sa wa yawancin amfilifayoyinsa kafar lasifika mai haɗe kanta idan an zare jak, domin ya gane cewa ga bawul, haɗewar ɗan lokaci ta fi tsinkewa sauƙi. Kuma kada wani ya ɗauka dukansu om 8 ne. Fender Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 tana da lasifika huɗu masu inci 10, kowace om 8, an haɗa su suka koma om 2. Twin Reverb lasifika biyu ce masu inci 12, om 4. Jim Marshall, wanda ya fara ƙera tasa a Landan a 1962 bisa tsarin Bassman, shahararren akwatinsa mai lasifika huɗu om 16 ne. Mutum ya sayo kan amfilifaya daga kwantena ɗaya, akwati daga wata, ya haɗa don bakin jak ya shiga, to ya yi caca da kuɗinsa.

Za ku ji masu kiɗa suna cewa saɓanin mataki ɗaya ba komai, wato 8 a kan 16 ko 8 a kan 4, har wasu na yi da gangan don suna son yadda murya ke canzawa. Gaskiya ne cewa amfilifayoyi da yawa suna jure mataki ɗaya, musamman idan ba a buɗe su sosai ba. Amma ni ba na ba kowa wannan shawara a Legas. Wanda ya faɗi haka yana zaune ne inda wuta ba ta hawa da sauka, inda zafi bai kai namu ba, inda zai yi odar bawul ta zo masa gobe. Manyan masana'antun bawul da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 sai da bawul ya yi wuyar samu har a Turai da Amurka. Mu da dala muke saye. Mataki biyu kuwa, 4 a kan 16 ko 16 a kan 4, babu ma mai gardama a kansa. Kada a yi.

Ita taransista halinta a juye yake, kuma a nan ne mai gyara ke ruɗewa. Irin amfilifayar da masu DJ da masu majalisi ke ɗauka ba ta da taransifomar fita. Kunna ta ba lasifika, ba abin da zai same ta. Ba ta akwati mai om sama da nata, sauti ya ragu kawai, ta yi sanyi. Abin da ke kashe ta shi ne ƙaramin om. Mai wat 100 a kan om 8 tana fitar da kusan bolt 28 da amfiya 3.5. Rataya mata om 4, ana neman amfiya 7. Rataya mata om 2, ana neman 14. Taransistocin fita za su yi ƙoƙarin bayarwa har su mutu, in dai ba ta da kariyar da ke kashe ta da kanta. Shi ya sa lambar bayanta iyaka ce ta ƙasa, ana iya hawa samanta. Lambar bayan mai bawul kuwa wurin tsayawa ne. Yaron da ya saba gwada taransista a tebur ba lasifika, ranar da aka kawo masa mai kwalba, wannan sabo ne zai ja masa biyan bashi.

Yanzu lissafin haɗi. Hanya biyu ce. Akwai haɗin kafaɗa da kafaɗa, faralel, inda ja ke tafiya kan ja, baƙi kan baƙi. A nan om raguwa yake: idan duk iri ɗaya ne, raba om ɗin guda da adadinsu. Biyu masu 8 sun zama 4, huɗu sun zama 2. Akwai haɗin sarƙa, siris, inda baƙin ta farko ke shiga jan ta biyu. A nan tarawa ake: biyu masu 8 sun zama 16. Sannan ana gauraya su: ka yi sarƙa biyu, kowace da lasifika biyu, ka haɗa sarƙoƙin kafaɗa da kafaɗa, sai huɗun su dawo om ɗin guda ɗaya. Haka ake samun akwati mai lasifika huɗu 'yan 16 ya tsaya a 16. Ku sani kuma, kafofi biyu da ke bayan amfilifaya, ko kafar da ke bayan akwati don a ja wani akwatin, kusan kullum faralel ne. Akwati biyu masu om 8 a bayan mai bawul, maɓalli ya koma 4. Idan kuma ka gauraya mai 8 da mai 16, jimla ta zama 5.3, kuma mai 8 ɗin ce za ta sha kashi biyu cikin uku na ƙarfin, ta riga 'yar uwarta ƙonewa.

Iyayena 'yan kwamiti, ga inda maganar ta iso ƙofarku.

Kun san yadda abin yake tafiya. An sayi amfilifaya, Ahuja ko TOA ko mai kama da su, da hon biyu a kan rufi. Kan hon ɗin, wato yunit, yawanci om 16 ne. Biyu a faralel sun zama 8, an ɗaure a kan 8, komai lafiya. Azumi ya zo, masu sauraron tafsiri sun cika har titi, wani bawan Allah ya ba da sadakar hon biyu. Aka murɗa wayoyinsu a kan na farko. Yanzu om 4 ne, amma waya tana nan a kan 8, ba wanda ya matsar da ita. Mata suka ce ba sa ji a sashensu, aka ƙara akwati. Masu shago na bayan layi suka roƙa, aka ƙara wani hon. Hon shida 'yan 16 a faralel om 2.7 ne, takwas om 2 ne, kuma babu kafar da ta dace da wannan a bayan na'urar. Sai ta fara zafi, muryar liman ta fara shaƙewa, fis ya fara tsinkewa. Mataki na gaba shi ne wanda ya fi ɓata mini rai: a cire fis a naɗa waya ko takardar sigari mai ƙyalli a gurbinsa. Fis ɗin nan shi kaɗai ne ke faɗa muku gaskiya, kuka toshe masa baki. Daren ashirin da bakwai, ana tsakiyar tahajjud, sai wari ya tashi. Duk wanda ya ba da sadakar hon niyyarsa mai kyau ce, Allah ya karɓa. Gyaran yana wuyan wanda ya karɓa ya ɗaura ba tare da ya ƙirga ba.

Abin takaici, maganin yana nan rubuce a bayan amfilifayar. Kusa da 4 da 8 da 16 za ku ga 70V da 100V. Wannan layi an yi shi ne musamman don wurin da ke da lasifika da yawa da waya mai tsawo. Kowace lasifika tana da 'yar taransifomarta, ko a cikinta ko a saya a ɗaura mata, mai kafofi da aka rubuta wat a kansu: 5, 10, 20, 30. Dukansu a faralel ake ɗaura su a kan waya biyu, kuma an huta da lissafin om. Tara wat kawai za ka yi. Amfilifaya mai wat 120, ka tsaya a wajen 100, ka bar mata numfashi. Hon uku na waje a kan wat 20 kowane, akwati huɗu na ciki a kan wat 10 kowane, jimla 100. Na sashen mata ya yi ƙara da yawa? Sauke shi zuwa 5, ba ka taɓa sauran ba. Sharaɗi biyu ne. Kada a yi amfani da kafar om da kafar 100V a lokaci guda. Kuma kada a ɗaura hon marar taransifoma a kan 100V, domin yunit mai om 16 a kan bolt 100 yana neman wat 625, alhali shi 40 ko 60 aka yi shi ya ɗauka.

Akwai ribar waya ma. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i ɗaya, idan ta yi mita 50 zuwa kan hasumiya ko falwaya, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, turjiyarta kusan om 1.75 ce. A kan lodi mai om 4, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinku a ɗumama waya yake ƙarewa. A layin 100V, wannan waya ɗaya ba ta cin kashi 2. Idan kuma wayar irin ta alminiyon nan ce da aka shafa wa tagulla, wadda ta cika kasuwa, asarar ta fi haka. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya. Idan ciki fari ne, ajiye musu.

Bari in ɗan ratse, domin akwai abin da ke ƙarƙashin duk wannan ƙare-ƙaren, wato zaton cewa yawan lasifika shi ne yawan ji. Amfilifaya ba ta haifar wat don an ƙara mata baki, wanda take da shi take rabawa. Kunne kuma ba ya ji da lissafin kasuwa: ka ninka wat sau biyu, ƙarin desibel 3 ne kacal, sai ka ninka kusan sau goma kafin mutum ya ce ƙara ta ninka. Abin da dattijon sahun baya yake nema shi ne ya rarrabe kalmomin malam, kuma wannan daga tsabtar murya da kusancin lasifika yake zuwa. Ƙananan akwatuna da yawa a hankali sun fi hon biyu suna tsage kunne. Mu tuna kuma a Legas muke, cikin maƙwabta Yarbawa da Ibo, Musulmi da Kirista, da marasa lafiya da jarirai. A watan Yunin 2016 hukumar kare muhalli ta Legas, LASEPA, ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Haƙƙin maƙwabci addini ya riga hukuma faɗarsa, kuma hon da aka daidaita, aka karkata shi inda jama'a suke, aka rage masa sauti mai kauri wanda dama ba a yi shi don shi ba, ya fi daɗewa kuma ya fi isar da saƙo.

In koma kan masu gyara da gargaɗi biyu. Kayan tokunbo daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu 230 ce. Karanta bayanta kafin ka soka, kuma taransifomar rage wutar da za ka sa ta fi amfilifayar wat da rata mai kyau. Na biyu ya shafi rai. Manyan kafasito na cikin mai bawul suna riƙe bolt 400 ko fiye bayan an kashe an zare filogi. Kada maigida ya bar yaro ya sa hannu a ciki sai an sauke wutar ta hanyar resisto, an auna da mita an ga ta sauka. Kuma kowane shago ya mallaki lodin gwaji, wato resisto mai om 8 da ke ɗaukar wat 100, a ɗaure kan ƙarfe mai shan zafi, domin a gwada mai kwalba ba tare da an kurmantar da layi ba, kuma ba tare da an bar ta ba lodi ba.

Roƙona ga iyayen gida shi ne ku koya wa yaranku wannan lissafi da Hausa, da alli a kan allo, tun kafin ku ba su ƙarfen dalma. Yaron da ya iya rabon gado a makarantar Islamiyya, raba 16 gida huɗu ba zai gagare shi ba. Ga 'yan kwamiti kuma, a manna takarda a jikin akwatin da ake kulle amfilifaya: lasifika nawa ne a kan layi, kowace om nawa ko wat nawa, a kan wace kafa aka ɗaura, wane ne ya yi aikin, da ranar. Wanda ya kawo sadakar hon, a karɓa a yi masa addu'a, amma kada a hau rufi sai an duba takardar an sake lissafi. Duk akwatin da aka canza wa lasifika ko aka sake wa koyil, a auna shi a rubuta sabon om ɗinsa da fenti kusa da kafar jak, domin tsohuwar lambar kamfani ta daina aiki daga ranar.

Ga mita nan a kan tebur, ga akwatuna da yunit ɗin hon da aka goge lambobinsu. Yaran shago su fara matsowa, kowa ya auna ya faɗa mana ajin abin da ya auna da kafar da zai ɗaura shi. Iyayenmu masu tambaya kuma, bismillah, a miƙa musu makirfo.